TSARIN MULKIN AMURKA: TAKARDA BA TA ƘWATO WA KOWA HAƘƘINSA

Duk lokacin da aka tayar da zancen Amurka a majalisun hirarmu, za ka tarar mun rabu gida biyu. Wasu sun ɗauka can aka gama adalci tun ranar da aka kafa ƙasar. Wasu kuma da an ambaci sunan sai su toshe kunne, su ce babu komai ciki sai yaudara. Duka ɓangarorin biyu sun hutar da kansu karatu. Alhali ya kamata mu san wannan tsari, ko don shi ne aka kwaikwayo mana a Nijeriya a 1979, aka sake dawo da shi a 1999, da shugaban ƙasa mai cikakken iko, da Majalisar Dattawa da ta Wakilai. Wanda aka ɗinka wa riga, ai ya kyautu ya san inda aka ɗauko samfurinta.

Ga asalin abin a taƙaice. Ranar 4 ga Yuli, 1776, yankuna 13 da ke ƙarƙashin Ingila suka shelanta ɓallewarsu, a wata takarda da Thomas Jefferson ya tsara, wadda ta ce an halicci mutane daidai wa daida. A 1787 wakilai 55 suka hallara a birnin Filadelfiya suka rubuta kundin tsarin mulki, ya fara aiki a 1789. Waɗannan mutane sun fahimci abu guda, cewa ba a ba kura ajiyar nama. Don haka suka kasa iko gida uku: majalisa ta yi doka ta riƙe lalitar gwamnati, shugaba ya zartar, kotu ta yi hukunci. Shugaba yana iya ƙin sa wa doka hannu, amma majalisa tana iya tsallake shi da rinjayen kashi biyu bisa uku, tana kuma iya tsige shi. A 1791 aka ƙara gyare-gyare goma masu kare haƙƙin mutum. Na farkonsu ya hana majalisa tsayar da addinin gwamnati, ko hana mutum yin addininsa, ko toshe bakin jama'a da na jarida, ko hana taro cikin lumana.

Magana ta yi daɗi a takarda. To amma ya kai ɗan uwa, tambayi kanka, su wa aka nufa da “mutane”? Shi kansa Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Kundin ya ce a wajen rabon kujerun majalisa a lissafa kashi uku bisa biyar na yawan bayi, abin da ya ƙara wa iyayen gijinsu ƙarfi, su kuwa bayin ko ƙuri'a guda babu. Shekara bakwai kacal da rubuta 'yancin jarida, a 1798, aka yi dokar da aka riƙa ɗaure masu sukar gwamnati da ita. A 1857, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, Kotun Ƙoli da kanta ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Ina takardar take a ranar? Tana nan a ajiye, ba ta ce uffan ba.

Sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, aka rasa rayuka fiye da 600,000, kafin a haramta bauta. A 1870 aka rubuta cewa ba za a hana mutum zaɓe don launin fatarsa ba, amma jihohin kudu suka ɓullo da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da barazanar kisa, suka mayar da gyaran wasan yara har kusan shekara ɗari. Mata ba su samu tabbacin ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920.

Me ya sauya al'amarin? Mutane ne suka tashi. A 1954 lauyoyin baƙar fata, ƙarƙashin jagorancin Thurgood Marshall, suka sa Kotun Ƙoli ta soke wariya a makarantun gwamnati. A 1955 talakawan garin Montgomery suka ƙaurace wa motocin safa na gari, suka yi ta tafiya a ƙasa kwana 381, har aka soke wariyar kujeru. An yi duka, an yi ɗauri, an kashe wasu, kafin a samu dokar kare masu zaɓe ta 1965. Ku dubi ɗan dambe Muhammad Ali. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam saboda aƙidarsa, aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar. Bai gudu ba, ya bi shari'arsa mataki-mataki har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. A 1974 kuma kotun ta umurci Shugaba Nixon ya miƙa kasa-kasan da yake ɓoyewa, majalisa ta ɗaura aniyar tsige shi, ya sauka da kansa ranar 9 ga Agusta.

Kada kuma a ɗauka an gama. A 1944 wannan kotu ta amince da kwashe mutane 'yan asalin Japan daga gidajensu, waɗanda aka tsare kimanin 120,000 daga cikinsu, akasarinsu 'yan ƙasa. A 2002 aka buɗe kurkukun Guwantanamo aka zuba mutane ba tare da shari'a ba, sai a 2008 kotu ta tabbatar cewa tsarin mulki ya ba su damar ƙalubalantar tsarewarsu a gaban alƙali. Duk sanda tsoro ya shigo, haƙƙin mai rauni ne ake fara takewa.

Darasin a fili yake. Rubutaccen haƙƙi makami ne, kuma makami ba ya yaƙi da kansa. Yana buƙatar alƙali mara tsoro, da jarida mai faɗin gaskiya, da jama'a masu ilimi da haƙuri da tsari. Mu da muka aro tsarin, muka bar wannan ɓangaren, mun ga yadda sojoji suka naɗe shi kamar tabarma a ƙarshen 1983. Da ma an ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ɗan uwa, nemi kundin tsarin mulkin ƙasarka, buɗe Babi na Huɗu, ka karanta abin da aka rubuta game da tsare mutum, da 'yancin addini, da na magana, da na taro. Ka karantar da na kusa da kai, ka kuma tsaya wa wanda aka zalunta ko da ba naka ba ne. Azzalumi ba ya jin tsoron takarda, wanda ya karanta ta yake tsoro. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalam.