Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Ya ku 'yan'uwa waɗanda Allah ya fid da mu daga duhun jahilci, akwai wata mummunar al'ada da ta shige mana aji, ina so mu taru mu kore ta. Al'adar kuwa ita ce, in ɗan'uwanmu ya tashi ya yi jawabi, kome kurakuran da ke ciki, sai mu tafa, mu ce madalla, mu watse. Muna kiran wannan kara. Ni ha'inci na ke kiransa, ga kuma dalilina.

Wata rana malaminmu ya sa kowa ya zaɓi wani mawaƙi ya ba da tarihinsa a gaban aji. Wani dattijo daga cikinmu, tela ne, ya zaɓi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya sha wahala ƙwarai, ya yi dare uku yana rubutu a gindin fitila. Amma da ya tashi, sai ya ce duk waƙoƙinta da Hausa ta yi su, ya kuma ce ta ga zuwan Turawa Sakkwato da idonta. Aƙalla mu huɗu mun san ba haka ba ne. Da Larabci da Fillanci da Hausa ta yi waƙoƙinta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, Turawa kuwa ba su ci Sakkwato ba sai a 1903, watau shekara 39 bayan rasuwarta. Da malam ya ce, "Ko akwai mai gyara?" sai duk muka sunkuyar da kai, har da ni. Malam da kansa ya ce sai gobe ya duba, gobe kuwa ta zo da nata aikin.

Bayan mako biyu dattijon nan ya sake faɗin maganar a wurin walimar saukar karatu, a gaban jama'a. Wani yaro ɗan makaranta ya gyara masa, mutane suka yi dariya. Tun daga ran nan bai ƙara taka ƙofar ajinmu ba. To, wa ya kunyata shi? Mu ne, mu da muka ga ramin muka bar shi ya faɗa.

Na san hujjojin masu yin shiru, don na sha jinsu. Wani ya ce, "Ai ya girme ni, yaya zan gyara wa sa'an mahaifina?" Ina tambayarsa: in ka ga dattijo zai fita kasuwa da riga a baibai, girmamawa ce ka ƙyale shi? Ladabi yana cikin yadda za ka faɗi maganar. Sai ka ce, "Baba, a gafarce ni, na ji kamar an ce a 1864 ta rasu, ko za mu duba tare?" Babu dattijon kirkin da zai yi fushi da wannan.

Wani kuma ya ce gyara yana karya zuciyar mai koyo. Abin da ke karya zuciya shi ne mutum ya gane daga baya cewa tafin da aka yi masa na ƙarya ne. Wanda ya bar sana'arsa da yamma ya zo ya zauna bisa benci yana koyon baƙi da wasali, ilmi ya zo nema. Da yabo ya ke so, da ya kira maroƙi ya ba shi sule.

Na uku ya ce, "Ni wane ne da zan yi gyara, alhali jiya jiya na koyi karatu?" Ka tuna da ita Nana Asma'u ɗin. Ta zaɓi mata dattijai, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, ta koya musu waƙoƙi, su kuma suka shiga ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata, waɗanda a ke kira 'yan taru. Da kowace jaji za ta ji baiti ya karkace a bakin ɗalibarta ta yi shiru don kara, da waƙoƙin nan ba su iso gare mu daidai ba. Ɗan abin da ka sani amana ne a wuyanka.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ta zama sanda a hannunsa. Akwai masu jiran ɗan'uwansu ya yi tuntuɓe su ƙyalƙyale da dariya, ko su tsaya suna ƙirga masa in'ina da rawar murya. Waɗannan sun fi masu shiru ɓarna, gama su kansu su ke so a gani.

Ga yadda ya kamata a yi. Da fari ka faɗi abin da ya yi kyau, ka kama sunansa, kamar ka ce, "Bayaninka a kan mijinta, Waziri Giɗaɗo, ya fito sarai." Sa'an nan ka gyara abin da ka tabbata kuskure ne, ka faɗi inda ka samo naka. Bayan haka ka tambayi abin da ya ɓace. Yawancin masu jawabi a kan mawaƙa su kan ƙare lokacinsu wajen asali da zuriya, su zauna ba su gaya mana ko waƙa ɗaya me ta ke nufi ba, don wa aka yi ta, kuma me ya sa. Ka tsaya a kan gyara biyu ko uku, kada ka yi masa lodin jaki. Kai kuma mai jawabi, ka rubuta abin da aka gaya maka, ka yi godiya, ka je ka bincika.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aji shi ne wurin wankanmu, gara a ga dauɗarmu a can da a gan ta a dandali. In an sake cewa, "Ko akwai mai gyara?" ka ɗaga hannunka. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da haƙurin jinta, amin.