Bangon da Muka Tsaga da Hannunmu

Daga Agustan 2020 zuwa Yulin 2023, sojoji sun kifar da gwamnati har sau shida a Afirka ta Yamma: sau biyu a Mali, sau biyu a Burkina Faso, sau ɗaya a Gini, sannan Nijar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tafin da talakawa suka yi musu a titunan Bamako da Konakiri da Yamai. Masu sharhi sun ce jahilci ne. Ni ban yarda ba. Talaka bai yi makokin dimokuraɗiyya ba ne domin ya daɗe da ganin gawarta.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma masu babbar riga ne suka tsaga shi. A 2009 Mamadu Tanja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki domin tazarce, kafin sojoji su ɗauke shi a Fabrairun 2010. A 2020 Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini ya nemi wa'adi na uku, aka harbe masu zanga-zanga, ECOWAS ba ta ɗora masa takunkumi ba. Amma da aka tsare Bazum a 2023, nan take aka rufe iyakoki, aka yanke wa Nijar lantarki, aka bar mai kai albasa kasuwa yana biyan bashin da bai ci ba. Wannan zumuncin shugabanni ne, masu rufa wa juna asiri. Cutar ma ba tamu kaɗai ba ce: a 2021 zaɓaɓɓen shugaban Tunisiya ya dakatar da majalisa, a Amurka kuma magoya bayan wanda ya faɗi zaɓe suka afka wa majalisar dokoki.

Kada a ɗauka ina wanke mai bindiga. Masu tafi kallon kitse suke yi wa rogo, domin a 2025 sojojin Nijar da na Mali sun rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Wanda ka ɗora da ƙuri'a kana iya sauke shi da ƙuri'a. Wanda ya hau da tankar yaƙi fa, wa zai ce masa ya isa?

Maganin yana Senegal. A Fabrairun 2024 Macky Sall ya ɗage zaɓe. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago da na addini suka haɗa kai da 'yan adawa, Majalisar Tsarin Mulki ta soke matakin, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris. Bassirou Diomaye Faye ya yi nasara kwana 10 bayan fitowarsa daga kurkuku, ba tare da soja ya fito daga bariki ba. Haka 'yan Kudu da 'yan Arewa suka taru a Majalisar Dattawan Najeriya suka binne tazarce a Mayun 2006.

Irin haɗin kan da nake kira gare shi ke nan. Lauyan Kano ya tsaya wa ɗan jaridar da aka kulle a Yamai, limami ya yi magana ranar da aka zalunci fasto, ɗan jam'iyya mai mulki ya ƙi maguɗin da aka shirya dominsa. Duk wanda ya yi shiru saboda gemun maƙwabci ne ke cin wuta, ya sani iska ba ta tambayar gidan wa za ta nufa.