Zuwa Majalisa Ba Ɗaukar Hoto Ba Ne

Duk sa'ad da 'yan'uwanmu ɗalibai suka cika mota daga Runjin Sambo zuwa Abuja yawon buɗe ido, tsarabarsu ɗaya ce: hoto a gaban koriyar ƙubbar Majalisar Tarayya. Mu dai a ganinmu wannan asarar kuɗin mota ce.

Ginin nan ba gidan tarihi ba ne. A cikinsa sanatoci 109 da wakilai 360 ke yanke yadda za a kashe dukiyar ƙasa, kuma Jihar Sakkwato ce ta aika sanatoci 3 da wakilai 11 daga cikinsu. Ɗan jihar nan ma, Aminu Waziri Tambuwal, ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015.

Kowane zaure yana da benen baƙi. Amma bisa al'ada Talata zuwa Alhamis ake zama, mu kuwa sai mu tsai da tafiya ranar Asabar don gudun rasa lacca! To, mu rubuta takardar neman izni tun da wuri, mu je ran Laraba, mu hau benen, mu ƙidaya kujerun da babu kowa, mu kuma saurara ko wakilin mazaɓar Sakkwato ta Arewa da ta Kudu zai ce uffan.