Tsohuwar Jif a Ƙasar Noma: Ado Ko Ɗawainiya?

Gabatarwa

Duk shekara idan kaka ta yi, kuɗin masara da auduga da waken suya suka shigo hannu, ba a rasa manomi ko ɗan kasuwar hatsi a yankin Funtuwa da Malumfashi wanda zuciyarsa za ta raya masa sayen babbar jif ta alfarma, irin su Range Rover ko Land Cruiser ko Lexus, wadda ta shekara ashirin ko fiye tana yawo a wata ƙasa kafin ta iso nan. Dillali zai nuna masa kujerun fata, ya faɗi kuɗin da bai kai na sabuwar ƙaramar mota ba, ya ƙara da cewa ba ta san laka ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, amincin irin wannan mota ba a jikinta kaɗai yake ba. Yana rataye ne ga bakaniken da ya san ta, da kasuwar kayan gyaranta, da aljihun mai ita.

Asalin Sha'awar

Wannan sha'awa tana da dalili. Da an sauka daga kwalta an nufi ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Dandume, sai hanyar burji da ramuka, wadda ruwan Agusta kan mayar da ita taɓo. Tun zamanin En'e mutanen karkara suka saba ganin Landiroba, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, tana ratsa inda sauran motoci suka kasa. Da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, aka buɗe hanyoyin ƙauye, mota ta ƙara zama abokiyar aikin noma. Sai dai waccan Landiroba ƙarfe ce zalla, ba ta da wani sirri da ya gagari sifana da guduma. Range Rover kuwa, wadda ta fito a 1970, ta shahara da haɗa ƙarfin shiga daji da jin daɗin masu hali, kuma kowane sabon samfuri yakan zo da ƙarin na'urorin da na baya ba shi da su.

Inda Gizo Ke Saƙa

Jif ta alfarma takan faɗi a farashi, amma kayan gyaranta ba su faɗuwa. Wanda ya saye ta da araha zai riƙa kula da ita ne da kuɗin mai kuɗin da ya saye ta sabuwa. Alal misali, Range Rover da aka yi daga 1994 zuwa sama ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan roba ne masu cike da iska, da famfo da kwamfuta masu ɗaga ta da sauke ta. Roba kuwa tana tsufa, zafi da ƙura na ƙara tsofar da ita. Ranar da jaka ɗaya ta huje, famfo zai yi ta aiki har ya ƙone, motar ta durƙusa kamar raƙumi. Haka Lexus LX470, wadda ta fito a 1998, tana da nata tsarin ɗagawa mai aiki da mai na musamman, wanda idan aka zuba masa wani mai dabam sai ya lalace. Injin Range Rover na wancan zamani kuma na alminiyam ne, ba ya yafe zafi: lagireto ya toshe sau ɗaya, a yi sakaci, sai a sauke inji.

Na biyu, wa zai gyara? Bakaniken garejin Funtuwa gwani ne a kan motar da ya saba da ita, amma cutar da ke cikin kwamfuta sai da na'urar bincike da wanda ya iya karanta ta. In babu su, sai a shiga canke, a canza wannan a canza wancan, kuɗi na tafiya cuta na nan. Kayan gyaran ma sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, wani lokaci har Ladipo a Legas, kuma sau da yawa abin da za a kawo tsoho ne da aka ciro daga wata gawar.

Na uku, mai. Manyan injuna masu silinda takwas da ƙyar lita ɗaya ta kai su kilomita 6 ko 7, tankinsu kuma na cin kusan lita 100. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara tsadar duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi.

A nan ne lissafin manomi ya bambanta da na ɗan birni. Kuɗinsa sau ɗaya suke zuwa a shekara, watau da kaka, amma motar ta fi wahala da damina, daidai lokacin da ake neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago. Idan ta kwanta a watan Yuli, ko dai a taɓa kuɗin taki a tashe ta, ko a jingine ta gindin bishiya kaji su yi ƙwai a ƙarƙashinta. Gonar da ta rasa taki a kan kari kuwa ba ta jiran bakanike. Daɗin daɗawa, a shekarun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mutane da yawa sun gane cewa mota mai ɗaukar ido tana iya zama shela ga mai ita.

Adalci Ga Motar

Ba a ce duk tsohuwar jif tarko ce ba. Land Cruiser da aka yi daga 1990 zuwa 1997 ta yi suna wajen juriya, domin na'urorinta kaɗan ne, kayanta kuma sun wadata. Wanda ke da wata motar ta yau da kullum, da amintaccen bakanike, da kuɗin da ya ware domin gyara, zai ji daɗin ko da Range Rover ce. Amma a tuna abin da ya sa a-kori-kura ta Fijo ta daɗe tana yi wa manoma hidima. Tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kayanta suka cika kasuwa, kowane yaron gareji ya san cikinta. Ba ta da kujerun fata, amma takan kai buhunan masara kasuwar Dandume ta komo.

Kammalawa

Mai niyyar saye ya fara zuwa gareji kafin ya je wurin dillali. Ya tambayi bakanike ko ya taɓa buɗe irinta, ya ji kuɗin kayan da suka fi lalacewa, ya lissafa man da za ta sha daga shuka zuwa girbi. In bayan wannan kuɗin takinsa na nan ba a taɓa ba, to, Allah ya sa alheri. In kuwa sai an sayar da hatsin ci kafin a riƙe ta, gara ya haƙura, domin Bahaushe ya ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.