Kafin a yanka ƙarfe, a fara zana injin gaba ɗaya

'Yan uwa 'yan kasuwa, duk wanda ke sayar da injin niƙa ko injin ɓarar gyaɗa tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya ya san wannan ciwon kai. Ka sayar wa manomi inji ƙirar gida, bayan wata uku sandar da ke juya shi ta karye. Ka aika a kawo wata daga wurin maƙerin da ya yi shi, in ta zo ramin noti bai hau ba, boris bai zauna ba. Manomi ya dawo da fushi, kai kuma ka yi asarar kuɗi da mutunci.

Mu a ganinmu hannun maƙeranmu lafiya lau yake. Matsalar daga tsarin aikin take. Galibi ana ƙera kowane sashe shi kaɗai da awon ido, sannan a zo haɗawa, wanda bai shiga ba a ci ƙarfinsa da guduma. Shi ya sa injina biyu daga shago guda ba su zama iri ɗaya.

Injiniyoyi masu aiki da kwamfuta suna da wata hanya, wato tsarawa daga sama zuwa ƙasa. Da farko sai a yanke abin da ake so injin ya yi: buhu nawa a awa, wane mota zai ja shi, wane fili zai ci. Daga nan a zana ƙashin bayansa, inda sanda za ta bi, tazarar da ke tsakanin mota da turmin niƙa, tsawon bel. Kowane sashe yana ɗaukar awonsa daga wannan zane. In aka ƙara kaurin sanda, mazaunin boris da raminsa su ma su canza a cikin kwamfuta, tun ba a taɓa ƙarfe ba.

Manyan kamfanoni sun ga amfanin haka, sun kuma ɗanɗana kuɗar sakaci. Jirgin Boeing 777 da ya fara tashi a 1994 an zana shi kacokan a kwamfuta da manhajar CATIA ta Faransa. Amma a 2006 jirgin Airbus A380 ya gamu da jinkiri, domin ma'aikatan Jamus da na Faransa sun yi zane da nau'i biyu daban na wannan manhaja. Da aka zo saka wayoyin lantarki masu tsawon kusan kilomita 500, sai wasu suka kasa kaiwa. Sai a Oktoban 2007 aka miƙa jirgin farko.

Wani zai ce ina maƙerin bakin kasuwa zai samu kwamfuta da wuta? Gaskiya ne, amma ana iya fara wannan tsari da takarda, fensir da ma'auni. Ga kuma manhajar FreeCAD da ake samu kyauta, yaro guda da ya iya ta zai wadatar da shaguna goma.

Kuɗin saye a hannunku yake, 'yan kasuwa. Duk injin da za ku yi oda, ku nemi a haɗo muku da takardar awonsa da lambar boris da ta bel. Ƙungiyoyinku kuma su ɗauki nauyin koya wa yaran maƙera zane. Ranar da sashen da aka ƙera a Kano ya zauna daram a injin Maraɗi, ciniki zai ƙaru ga kowa.

Allah ya sa albarka a nema.