Filin Mata: Ɗigon Ruwa a Ƙarƙashin Mota

Na san wasu za su ce ina ruwan mace da lagireton mota, ai wannan aikin makanikai ne. To, ku saurara ku ji abin da ya same mu a bazarar da ta wuce.

Kawuna yana da wata tsohuwar mota wadda yakan ajiye a ƙofar gida a nan Bici. Wajen kwana 7, duk sa'ad da na fito da sassafe zan tafi makarantar da nake koyarwa, sai in ga ɗan danshi kamar faɗin faifai a ƙasa, daidai ƙarƙashin hancinta. Ban faɗa wa kowa ba, na ɗauka yara ne ke zubar da ruwa. Ran nan muka tashi za mu suna Kano da tsakar rana. Ba mu kai Dawanau ba sai allurar zafi ta haye ja, tururi ya soma fita. Kawu ya tsaya a gefen hanya, ya buɗe bonet, ya juya zai ɗauko jarkar ruwa. Kafin ya dawo, ɗansa mai shekara 14 ya kama murfin lagireto ya murɗa. Kawu ya daka masa tsawa, "Kai, kul!" amma ina, ruwa ya riga ya yi tsartuwa ya ƙone shi daga wuyan hannu har gwiwa. Mako 3 yaron nan bai riƙe alƙalami ba. Da na yi magana tun ranar farko, da wahalar ba ta wuce ta ɗaure tiyo ba, gama da makaniki ya duba, can ne ruwan ke ɗiga.

Ga yadda abin yake. Inji yana ƙona mai, saboda haka yana yin zafi ƙwarai. Ruwa ne ke zagayawa cikinsa ya kwaso zafin ya kai lagireto, inda yake ratsa waɗansu siraran bututu, iska da fanka suna busa su, kamar dai yadda muke sheƙa kunu daga wannan ƙwarya zuwa waccan don ya huce. Ruwan tukunya yana tafasa a digiri 100, amma na lagireto a matse yake da murfi, har yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an kwance murfin nan da zafinsa, sai ruwan ya tafasa nan take ya yi sama. Don haka doka ta fari ita ce a kashe inji, a jira aƙalla rabin sa'a, sa'an nan a rufa tsumma mai kauri a kan murfin, a murɗa a hankali, fuska na gefe.

Neman wurin yoyo kuwa da safe ake yi, inji na sanyi. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota tun da dare, inda ya jiƙe sai a bi sama da ido. Sau da yawa za a ga wani farin tabo ko kore inda ruwan ke bushewa. A fara duba bakin tiyo, watau roban da ke haɗa lagireto da inji, domin ƙarfen da ke ɗaure shi yakan yi sako-sako, sai a matse shi da sukudireba. In tiyon ne ya tsage, a share shi ya bushe, a naɗe shi tam da tef ko tsinken tsohon tuf na keke. In kuwa 'yar huda ce kamar bakin allura a jikin lagireton, direbobi sukan danna mata sabulu. Abin da ya fi shi riƙo shi ne gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake cuɗawa, amma lalle sai an goge wurin ya bushe sarai, an kuma bar gam ɗin ya yi tauri kafin a zuba ruwa.

Akwai masu zuba garin barkono ko farin ƙwai a ciki. Yakan toshe hudar, gaskiya ne, amma yakan toshe siraran bututun nan kuma, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Dukan dabarun nan na kai mota gareji ne kawai, ana tafiya sannu, ido na kan allura. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, lagiretonsu na tagulla ne, mai walda yakan like shi da dalma ya zauna. Na motocin yanzu yawanci alminiyam ne da roba, in roban ya tsage galibi sai an sake sabo.

Saura abin da ya fi shafarmu mu mata. Ruwan rijiya yana barin dasashi a lagireto kamar yadda yake bari a buta, shi ya sa ake sayar da ruwa na musamman, kore ko ja, don zubawa. To, ruwan nan guba ne, ga shi kuma da zaƙi-zaƙi. Kada ki yarda maigida ya ajiye ragowarsa a kwalbar lemo, kada kuma a bar wanda ya zube inda yara ko awaki za su lasa. In yaro ya sha, a kai shi asibiti nan da nan, ko da ana ganinsa garau, domin ɓarnarsa a ƙoda take, ba ta nunawa da wuri.

In kuma an ƙone, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a cire zobe ko agogo kafin hannu ya kumbura. Kada a shafa ƙwai, ko toka, ko man goge baki, kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Ruwan jarkar Kawu ne muka ƙarar a hannun yaron nan, ma'aikacin asibiti kuwa ya ce ya taimaka ƙwarai.

Ke da ke fita shara da sassafe, ke ce ke fara ganin danshin nan. In kin gani, ki faɗa wa maigida tun bai ɗauki makulli ba. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.