BA A BA KURA AJIYAR NAMA

Daga wata Malama, Rurum Tsohon Gari

 Yau ina so mu tattauna a kan wata magana wadda da yawa daga cikinmu za su ce ba ta shafe mu ba, watau caca a kan wasanni. Wata za ta ce ina ruwan matar aure da ƙwallo, ai wannan sha'anin maza ne. To ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin kuɗin da ke tafiya can daga cefanenki yake fita, yaron da ake lalatawa kuma ke kika goya shi.

Kun dai ji cewa a watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta shiga rufe shagunan cacar ƙwallo, har ta rufe guda 30 a rana ta farko, bayan iyaye da shugabannin unguwanni sun kai kuka. A watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce jihohi ne ke da ikon tsara wannan al'amari a ƙasarsu. Madalla da wannan. Amma fa duk hankalinmu ya tafi kan shaguna da yaran da ke shiga cikinsu. Akwai tambaya guda da ba mu yi ba, ita ce: idan babban da aka danƙa wa yaranmu a filin wasa shi ne ɗan cacar fa, yaya ke nan?

Domin ku ga cewa wannan ba tatsuniya ba ce, bari in ba ku labarin abin da ya faru a Jami'ar Alabama ta ƙasar Amurka. A can akwai wani wasa da suke kira besbol, wanda mutum ɗaya ke jefa ƙwallo wani ya make ta da kulki, kuma mai jifan nan shi ne ginshiƙin ƙungiya. Shugaban masu koyar da ɗaliban jami'ar wannan wasa shi ne Brad Bohannon, wanda ya kama aikin tun 2017. Ran 28 ga Afrilu, 2023, yaransa za su kara da ɗaliban Jami'ar Jihar Luwiziyana, sai gwanin jifansu ya kasa saboda ciwon baya. Kafin kowa ya ji, sai shugaban nan ya aika wa wani abokinsa ɗan caca saƙo ta waya ya sanar da shi, domin ya yi sauri ya zuba kuɗi a kan cewa yaran Alabama ne za a cinye. Ku duba fa, yaransa na kansa, waɗanda yake tsayawa a gabansu kullum yana ce musu su dage.

Abokin nan yana wani gari mai nisa da ake kira Sinsinati. Ya je wurin masu karɓar caca ya ce zai zuba dala 100,000. Ma'aikatan wurin suka ce ba za su karɓi fiye da dala 15,000 ba. Da ya matsa musu, har ya kai ga nuna musu saƙon da ke cikin wayarsa, sai suka gane akwai lauje cikin naɗi, suka kai rahoto. An kuwa cinye Alabama da ci 8 da 6. Ran 4 ga Mayu jami'ar ta kori Bohannon. A watan Fabrairu na 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ɗora masa hukunci na shekara 15, wanda ya sa da wuya wata jami'a ta sāke ɗaukarsa aiki. Abokin nasa kuma aka ɗaure shi wata 8 saboda ƙoƙarin ɓatar da shaida.

Akwai abubuwa uku da nake so mu lura da su a cikin wannan labari. Na farko, ba talauci ne ya jefa mutumin nan ba, domin babban ma'aikaci ne mai albashi da daraja. Saboda haka kada wata ta ce wāne ai malami ne, ko wāne ai ya fi ƙarfin wannan. Na biyu, ba kuɗin jami'a ya ɗauka ba, sirrin ciwon ɗalibinsa ya ba da, kuma wannan ma cin amana ne. Yara suna zufa a fili, wani yana can yana jiran riba, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ke nan. Na uku, asirinsa ya tonu ne domin akwai masu sa ido da suka ga abu ba daidai ba suka buɗe baki. Da sun yi shiru, da watakila har yanzu yana nan yana riƙe da 'ya'yan mutane.

Kada ku ce wannan halin Turawa ne kawai. Samson Siasia, wanda ya kai matasan Nijeriya suka ciwo lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2008 da ta tagulla a 2016, hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta haramta masa harkar ƙwallo har abada a 2019, bisa samunsa da amincewa ya karɓi kuɗi daga wani mutumin Singafo da ya yi suna wajen murɗe wasanni domin caca. Shi dai ya musanta, kuma a 2021 kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara 5, wanda ya ƙare a 2024. Abin lura shi ne 'yan caca sun san ƙofar da suke ƙwanƙwasawa. Ba sa wahalar da kansu wajen bin yara goma sha ɗaya, mutum ɗaya suke nema, watau wanda yaran ke jin maganarsa.

To mu dawo gida. A nan Rurum, da Rano, da Kibiya, babu kamfanin da ke karɓar caca a kan wasan makarantunmu, wannan gaskiya ne. Haka kuma mafi yawan malaman wasanninmu mutane ne masu haƙuri, waɗanda ke tsayawa cikin rana da yara ba tare da an ƙara musu ko sisi ba. Amma mu duba abin da ke hannun malamin wasanni. Shi ke riƙe da kuɗin da iyaye ke tarawa domin gasar shekara, da kuɗin riguna da ƙwallo, da kuɗin motar da za ta kai yara wasa wani gari. Shi ke tafiya da su inda babu uwa babu uba. Sa'an nan yara maza suna ɗaukarsa tamkar wa, suna kwaikwayon har tafiyarsa. Yau kuwa caca ba ta bukatar shago, tana cikin wayar da ke aljihu, da naira 100 ma ana shiga. Ɗan caca in aka cinye shi, kuɗin da ya fi kusa da hannunsa yake dubawa, yana cewa gobe zai ci ya mayar. Yaron da ya ga malaminsa yana duba takardar caca kuwa, wace nasiha ce uwarsa za ta yi masa ya ji?

Na san abin da wasu magidanta za su ce da zarar sun ji wannan, watau a hana yara wasa baki ɗaya, kuma na san 'ya'ya mata za a fara hanawa. Wannan ba magani ba ne. Wasa yana ƙara wa yaro lafiya, yana koya masa biyayya da haƙuri da haɗa kai, yarinyar da ke motsa jiki kuma ta fi natsuwa a aji. Yaran Alabama ɗin nan ba a same su da laifin komai ba, kuma bayan an kori shugabansu sun ci gaba da wasa har suka kai matakin da jami'arsu ba ta kai ba tun 2010. Ashe ba wasan ne ya lalace ba, mai riƙon ne.

Saboda haka ga shawarata gare ki uwargida. Ranar taron iyaye da malamai kada ki bar shi ga maigida kaɗai. In ba za ki sami fita ba, ki ba shi tambayoyinki ya tafi da su, ko ki aika ta bakin malama mace. A nemi kuɗin wasanni su kasance a hannun mutum biyu ko uku, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban iyaye. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga malamin kirki kansa. A kuma roƙi shugaban makaranta ya kafa doka cewa duk wanda aka tabbatar yana caca ba zai riƙe yara a fili ba. A gida kuma, in ɗanki ya dawo daga gidan kallon ƙwallo da kuɗin da ba ki san asalinsu ba, kada ki yi murna, ki tambaya.

Ku kuma 'yan mata, kada ku ba kowa aron wayarku ko lambar asusunku domin ya yi caca da sunanku, ko da malaminku ne ko yayanku. In babba ya aike ku irin wannan aike, ku gaya wa iyayenku mata, wannan ba tsegumi ba ne. Saurayin da ke yi miki kyauta da kuɗin caca yau, shi ne zai ɗauki kayan ɗakinki gobe. Ba a banza Alƙur'ani mai girma ya haɗa caca da giya wuri guda ya hana su a cikin Suratul Ma'ida ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu ikon riƙe amana, amin. Sai mun sadu a wannan fili mako mai zuwa.